Sunayen da ke Cikin Jakarka

Nasiru,

Sallama a gare ka, da fatan wannan takarda ta same ka zaune lafiya cikin mota. Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na masu tare hanya, ya sa direbanku mai hankali ne. Innarku tana gaishe ka, ta ce garin furarka yana ƙasan jaka, kada ka bari ya jiƙe. Gaisuwar ke nan. Ba zan tsawaita ta ba, domin raina a ɓace yake, kuma kai ne ka ɓata shi.

Yau da safe Innarku tana shirya maka kaya, hannunta ya taɓa wata takarda a aljihun jakarka. Ka san ba ta karatu. Ta kawo mini da murnarta, tana tsammanin ita ce takardar da aka ɗauke ka aikin jandarma, ta ce in karanta mata ta ji daɗi. Faransancina na aji shida ya tsufa, amma ya kai in gane rubutun ɗana, kuma sunan mutum ba shi da Faransanci. Sunaye goma sha ɗaya ne. Ardo Juli a sama, sai matarsa Dudu, sai 'ya'yansu da surukansu, wato duk manyan rugar da ke bayan fadamarmu. Kun rubuta wa hukuma cewa baƙi ne, su ke kai wa ɓarayin daji labarinmu, a tashe su daga ƙasar garin nan. Samarin kwamitinku na tsaron gari sun dangwala yatsa, kai kuma mai ilimin cikinsu ka rubuta, ka ɗauki alkawarin miƙa ta a buro, ofishin hukuma na Gidan Rumji, kan hanyarka ta zuwa Yamai. A samanta ka sa da manyan baƙaƙe wai saboda kishin ƙasa.

Ban yaga ta ba, ko da yake hannuna ya so. Na mayar da ita inda take, na ɗora tawa a kanta don hannunka ya fara cin karo da ni. Ban yi maka maganar baki da baki ba domin na san halina, na san naka. Da na buɗe baki zan ɗaga murya, kai kuma ka sunkuyar da kai ka ce "to, Baba", ka je ka yi abin da ka yi niyya. Takarda ba a ce mata to. Kafin motarku ta kai Gidan Rumji kana da lokacin karanta wannan har sau biyu, ka yanke ko za ka miƙa waccan.

Zafin da ke cikin ƙirjinka na san shi, don ni na fara ɗaukar shi a gidan nan, a wurina ka gada. Saboda haka ba wa'azi zan yi maka ba. Wautar kaina zan zayyana maka, ba bisa shekaru ba, bisa nauyinta a zuciyata.

Ta farko ina yaro na yi ta. Ba ka tarar da kakarka ba, mahaifiyata. Bakatsiniya ce daga wajen Gazawa, aka kawo ta cikin Gobirawa. Mu kuwa a lokacin ba abin da muke ji da shi kamar zanen fuskarmu. Wata rana ta hana ni bin yara farauta, na ƙi ji, ta ɗauko kara za ta dake ni. Na tsaya a bakin ƙofa na ce mata, "Ke ba tamu ba ce, dubi fuskarki." A gaban 'yan uwan Babana na faɗa, suka fashe da dariya, wani ma ya ce yaron nan jininmu ne. Na ji kaina ya kumbura. Ita kuwa ta ajiye karan, da yamma ta zuba mini tuwo kamar kullum. Shekara arba'in ta yi a garin nan, ta binne 'ya'ya uku a ƙasarsa. Ranar da ta rasu ina zaune wurin gaisuwa, na ji wata tsohuwa tana cewa, "Allah sarki, baƙuwar ga ta yi haƙuri da mu." A nan na tuna maganar bakin ƙofa, na rasa inda zan sa kaina.

Ka riƙe wannan. Ranar da aka tafa maka don ka ce wa wani "kai ba namu ba ne", ka tsaya ka dubi wanda ka faɗa wa. Masu tafin ba su za su zuba maka tuwo da yamma ba.

Ta biyu kai ma shaida ne, har kana cikin masu yaba mini. Ka tuna lokacin da aka rufe iyaka, rediyoyin nan da na can suna ta jifan juna da magana. Ni ne mai bakin majalisar gindin itacen bedi. Ni na ɗaura tuta a kan motona mai ƙafa biyu har ta koɗe. Ni na ce duk wanda ya taka ƙetare a wannan hali maci amanar ƙasa ne, ko da gishiri ya je saye. Ana cikin haka Gwaggonka Hasiya, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, ta kwanta ciwo a ƙauyen mijinta can ƙetare. Ɗanta ya kira ni a salula ya ce, "Kawu, Inna tana ta kiran sunanka." Hanya tana nan, Nasiru. Kullum mutane suna bi ta cikin gonaki da moto, tafiyar da ba ta kai daga hantsi zuwa azahar ba. Amma yaya zan yi da bakina? Gobe in zauna a majalisa a ce ga mai kishin ƙasa ya dawo daga wurin 'yan can? Na ce masa ya gaishe ta, ina nan tafe da an buɗe. Kwana tara ta yi tana jira. Aka kira ni aka ce an kai ta.

Ka ce mini a ranar, "Baba, ka yi jarunta, ƙasa ta fi komai." Ban amsa maka ba, domin da na amsa da mari ne. Wace jarunta? Tsoron bakin mutum shida da ke zaman banza a kan tabarma ya hana ni rufe idon 'yar uwata. Ƙasar ba ta ƙaru da komai ba don ban je ba, babu wanda ya aiko mini da godiya, waɗanda suka rufe iyakar ma ba su san an yi wata Hasiya a duniya ba. Gonar mijinta rabi tana cikin ƙasarmu, rabi tana can, kuma rumbu ɗaya ake zuba hatsin.

Kada ka ɗauka ina cewa ka ƙi ƙasarka. Ni ina son ƙasar nan fiye da yadda bakinka zai iya faɗa. Na noma ta, na sha ruwan rijiyoyinta, iyayena suna cikinta, ni ma can za ni. Amma na lura akwai wani irin kishi wanda ba ya iya tsayawa da ƙafarsa sai an samo masa wanda zai ƙi. Da safe 'yan ƙetare ne. In sun yi nisa, sai Filanin bayan gari. In an kori Filani, sai Katsinawan da ke unguwar gabas. In su ma sun tafi, sai 'yan wancan masallacin, sai 'yan waccan jam'iyyar, har a zo kan ɗan ɗakin kishiyar kakarka. Na ga duk wannan da idona, kuma kowane zagaye da bakina a ciki.

Yanzu ga wadda ta shafi takardarka kai tsaye.

Ku yaran yanzu kun tashi kun tarar kowa yana kwashe karan gonarsa ya kai gida, kuna tsammanin haka duniya take tun farko. Da ba haka ba ne. In an gama girbi, mai gari yakan sa a yi shela an saki gonaki. Makiyaya su shigo da shanu su ci kara, su kwana a gonar, su bar mata taki. Kowane gida da nasa Bafulatanin, kowane Bafulatani da mai masaukinsa. Namu shi ne gidan su Juli. Ubansa ya sauka a gonar ubana, shi ya sauka a tawa. Ba takarda, ba shaida, in kaka ta yi ka san zai zo, shi ma ya san karanka nasa ne. Gonarmu ta tudu da kake raina wa yanzu, a lokacin sai an yi gayya ake ɗaure hatsinta.

Shekarar da kake da shekara uku, aka yi rigima a wani gari can arewa da mu. Wasu makiyaya masu wucewa sun saki shanu a gonar wake kafin a saki gonaki, aka yi faɗa, aka sari wani manomi a kai. Ba mutanen Juli ba ne, ba su ma san su ba. Amma labarin ya iso mana da zafinsa, kuma Tanko, uban Habu shugaban kwamitinku, ya tare mu bayan sallar Juma'a.

Ya ce, "Ku ji hwa, 'yan uwa. Bana ba saniyar da za ta lashi karanmu. Kowa shi sa ma nashi wuta. Wanda duk yab bari, mun san ko shi na wa ne."

Wani dattijo ya ce, "To Filaninmu na gida mi sunka yi?"

Tanko ya ce, "Baba, Bahillace Bahillace ne. Ko kana tare da mu, ko kana tare da su."

Dattijon ya tashi ya tafi, ni kuwa na bi taro. Ba Filani nake jin haushi ba, ko kaɗan. Tsoro nake ji kada a ce Umaru bawan Filani ne. Washegari da hantsi na ɗauki ashana na tafi gonar tudu, na bi ta kusurwa kusurwa ina cinna wa abincin shanun amininmu wuta. Wutar tana tsaka da ci sai ga Juli ya ɓullo ta yamma da garkensa, kamar yadda yake zuwa kowace shekara. Ya hango hayaƙi, ya bar shanun, ya sheƙo da gudu yana karyo reshen sabara.

Ya ce, "Umaru, wuta ta kama gonarka? Kama can, ni in kama nan."

Na ce, "Bari. Ni na sa ta."

Ya tsaya da reshen a hannu yana dubana. Ya ce, "Mi munka yi maka?"

Na ce, "Ba ku yi mini komi ba. Gari ne yac ce."

Ya dubi wutar, ya dubi shanunsa da suka tsaya a bakin gona suna shinshina toka. Ya ce, "To. Allah shi ba mu alheri." Ya yar da reshen, ya juya garken.

A ranin nan maruƙansa da yawa ba su kai damana ba. Gonata kuwa tun daga shekarar ta fara ja da baya, har ta zama abin da ka sani, rairayi da ƙuduji. Shi Tanko mai kishin gari fa? Ɗan tsibi ɗaya ya ƙona a bakin hanya inda kowa zai gani. Sauran ya kwashe da amalanke ya ɓoye a bayan gidansa, da bazara ta yi tsanani ya dinga kai wa kasuwar Cadakori yana sayar wa Filanin nan da ya ce a ƙi. Da na je masa da maganar dariya ya yi, ya ce, "Kai ma wa yah hana ka?"

Har yau in na tuna dariyar nan sai in ji jinina yana tafasa, kuma ba shi nake jin haushi ba kamar kaina. Saboda haka ga tambaya, ka amsa wa kanka cikin motar nan. Gonar wa ke iyaka da rugar Ardo? Ta Habu ce. In an tashe su, wurin da shanu suka yi shekara da shekaru suna kwana a kai, wa zai shuka shi baɗi? Kai kana Yamai kana fareti. Ka yi karatun lakol shekara goma sha uku, an ce kai ne mai ƙwaƙwalwar gidan nan, amma ɗan Tanko ya mayar da kai alƙalaminsa. Duk wanda ya zo maka da "mu" a baki, ka leƙa ka ga abin da ya riƙe a bayansa.

Saura wadda ta fi duka, wadda shekara goma sha tara ke nan ina danne ta. Ka gyara zama.

Da aka haife ka, Innarku ta kwanta zazzaɓi mai tsanani, nononta ya kumbura, ba ruwa. An kai ta likita, an yi na gida, shiru. Kwana uku kana kuka har muryarka ta dushe, muna ɗiga maka ruwa da cokali, kowa ya fara kawar da kai in ya dube ka. A watan nan Dudu matar Juli ta haifi Sambo. Ta shigo gidanmu tallan nono, ta ji kukan, ta tambaya aka gaya mata. Ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta sauke ƙwaryarta a tsakar gida, ta kwance Sambo ta miƙa wa kakarka ta wajen uwa, ta karɓe ka ta sa a ƙirjinta. Wata biyar tana tahowa daga ruga safe da yamma, ran da ruwa ya tare hanya ni nake saɓa ka in kai mata. Naman da ke jikinka na farko da nononta aka gina shi.

Bayan na ƙona kara, na ji ba zan iya haɗa ido da mutanen nan ba, kuma ba na son yara su tashi suna kiranka ɗan ruga. Na tara gidan nan na ce daga yau kada in ƙara jin maganar shayarwar nan a bakin kowa. Innarku ta bi ni har zaure.

Ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. In gobe yat tashi neman ɗiyar Dudu hwa, alhali ƙanwa tai ce?"

Na ce, "Ɗana ba shi neman Bahillata."

Ta ce, "Nononta dai bai ƙi ba."

Na daka mata tsawa, ta yi shiru, shirun da ta yi ke nan har yau da safe. Tsofaffin da suka sani suka bi ni a kan haka, yawancinsu sun mutu da maganar. Abin da shari'a ta ce a bayyana don kada a yi auren haram, ni da nake sahun gaba a masallaci na binne shi don kada a ce gidana ya haɗa jini da ruga. Dudu kuwa ba ta taɓa buɗe baki ba. Tana ganinka kana wucewa da kayan lakol, kana wucewa a moto, ba ta taɓa tare ka ta ce ka san ni ba. Da na karanta wa Innarku suna na biyu a takardarka, zama ta yi a ƙasa daɓas, ta ce, "Ga abin da ka shuka nan, Malam." Gaskiya ta faɗa.

To ka ji. Suna na biyu uwa ce a gare ka. Suna na uku, Sambo, ɗan uwanka ne, ƙirji ɗaya kuka sha. Da hannunka ka rubuta su, rubutu mai kyau, ba ko gogewa.

Na san abin da zuciyarka za ta raya maka yanzu, kuma tun kafin ka yi ina gaya maka kada ka soma. Za ka ce ashe namu ne, bari in soke sunan Dudu da na Sambo in miƙa sauran. In ka yi haka, wallahi ba ka fahimci ko layi ɗaya a takardar nan ba. Ciwon ke nan da nake gaya maka, ka faɗaɗa "namu" da taku biyu, ka bar sauran a waje. Mutum taran da suka rage ba su shayar da kai ba, gaskiya ne. To sai me? Sai mace ta ba ka nono sannan zaluntarta ya zama haram? Na gaya maka labarin Dudu ne don ka ga yadda mai rubuta sunaye yake makaho, ba don ka yi mata alfarma ba.

Za ka ce mini ɓarayin daji fa, Baba, ƙarya ne? Ba ƙarya ba ne. Ni na wanke gawar abokinka Mamman da suka harbe a hanyar gona, na ga abin da kuka gani, kuma na san tun ranar ba ka koma daidai ba. Ban hana ka fushi ba. Amma watan da aka kashe Mamman, su wa ɓarayin suka kore wa shanu ashirin da wani abu? Ardo. Wa suka ɗaure a gindin itace suka yi wa dukan da har yau yake ɗingishi? Sambo. Kun je gaishe shi? Ba ku je ba, kuka ce wasan kwaikwayo ne. In kana da shaida a kan mutum, ko Bafulatani ne, ko Bagobiri, ko ɗan cikina, ka faɗi sunansa shi kaɗai, ka faɗi abin da ya yi, da ranar, da wanda ya gani, ni zan raka ka wurin hukuma da ƙafata. Na bi takardarka daga sama har ƙasa ina neman abu ɗaya da wani ya gani da idonsa, ban samu ba. "An ce" da "kowa ya sani" ne kawai. Har da Dudu, tsohuwar da ba ta iya riƙe salula daidai ba, wai ita ce 'yar leƙen asiri.

Kuma ka san abin da takarda irin wannan take jawowa a wannan zamani. Ba tashi kawai ba ne. Sunan mutum in ya shiga buro da wannan tambari, ko an wanke shi ba ya fita. Ba kasuwar da zai shiga hankali kwance, ba garin da zai karɓe shi. Ina za su? Juli a bayan fadamar nan aka yanke masa cibiya, ya girme ni da shekara biyu. In shi baƙo ne, ni ma baƙo ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda za ka. Bindiga za a ba ka, Nasiru. Za ka kwana ɗaki ɗaya da Bazabarme da Buzu da Babarbare da Bafulatani, a ce muku duk ku ɗaya ne, ku rera waƙa ɗaya a gaban tuta. Madalla. Amma wata rana za a tsayar da kai a shingen hanya, mota ta tsaya, ka leƙa ka ga fuskoki. In ka tafi da wannan idon da ka rubuta takardar nan da shi, rawani da sanda da kalar fata za ka dinga dubawa, ba laifi ba. Ni da ashana kawai na yi ɓarnar da na yi. Kai abin da za a sa a hannunka ba ya barin toka da za a ce a yi haƙuri baɗi. In babbanka ya ce mutanen gari kaza duk ɓarayi ne, ka yi masa ladabi, amma kada ka bari maganar ta sauka cikin zuciyarka. In abokanka suna raha da wata ƙabila, kada ka yi dariya don a ce kai nasu ne. Da irin dariyar nan ake farawa, ni shaida ne.

Bari in gaya maka inda na je da azahar, tunda ka tambayi Innarku ta ce ba ta sani ba. Ruga na je. Shekara goma sha tara ina zagaye hanyar, yau na bi ta. Na tarar da Ardo zaune a inuwa, idonsa ya yi rauni, sai da na yi magana ya gane ni. Na durƙusa a gabansa da furfurata, na ce na zo neman gafara a kan karan da na ƙona.

Ya ce, "Umaru, mu mun daɗe da yahe maka. Kai ne ba ka zo ka amsa ba."

Na ce masa bana in an saki gonaki, ba zan kwashe ko kara ɗaya ba, ya kawo abin da ya rage masa na shanu gonar tudu, su zauna har damana. Ya ce to, kamar jiya muka rabu. Dudu ta fito ta gaishe ni, ta ce, "An ce yaron ga zai tahi aikin soja. Na gane shi ran kasuwa bisa moto, ya yi tsawo kamar Sambo." Ta shiga bukka ta fito da man shanu a kwalba, ta ce a sa maka a kaya, abincin bariki ba shi da maiƙo. Ban gaya musu maganar takardarka ba. Kwalbar tana cikin jakarka, an naɗe ta da tsumma.

Yanzu ka zaro takardar taku ka dubi ƙasanta. Sunayen ba goma sha ɗaya ba ne kuma. Na ƙara na goma sha biyu da birona, na sa hannu a gefe don kada a ce ƙage ne: Umaru, manomi, Bagobiri mai zane, haifaffen garin. Tunda laifinsu zama a inda suke ne, bana a gonata za su zauna, ni na kira su, a ƙwaryarsu zan sha. In an zo tashinsu, a gonata za a same su, a same ni. Na riga na gaya wa Innarku, ta ce ita ma ba za a bar ta a baya ba, amalanke ɗaya ya ishe mu. Ba barazana nake maka ba, kuma ba roƙonka nake ba. Sau huɗu aka ce in zaɓa tsakanin mutum da taro, sau huɗu ina bin taro. Na biyar ɗin ba zan bi ba, ko da ɗana ne a gaba.

In kun isa Gidan Rumji, in ka ga miƙawa ita ce kishin ƙasa, ka miƙa ta yadda take. Kada ka soke sunan kowa, kada ka soke nawa. In mai buro ya tambaye ka wane ne na ƙarshen nan, ka dube shi ka ce ubana ne.

Allah ya kiyaye hanyarka, ya kiyaye ka daga harsashi da ciwo da mugun aboki. Allah ya tsare ka daga sharrin mutane, ya tsare mutane daga sharrinka. Allah ya maido mana da kai da ƙafafunka, da hannun da ba shi da alhakin kowa. In ka sauka Yamai ka kira Innarku, ba za ta iya cin abinci ba sai ta ji muryarka. Ni kuwa kada ka gaishe ni sai ka fara gaya mini inda takardar take.

Mahaifinka,
Umaru